Fuka da hunturun Gombe

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mutanen Gombe, daga Pantami har Tumfure. Ku yi haƙuri da muryata, sanyin Ingila ne.

Jiya da dare Inna ta kira ni. Muna magana ina jiyo tarin ƙanwata, ƙirjinta na fito kamar ana busa usur. Hunturu ya shigo, ƙura ta rufe gari. Na ce, Inna ina abin shaƙarta? Ta ce ta ɓoye shi, wai maƙwabta sun ce in yarinya ta saba da shi ba ta rabuwa da shi. Wallahi ban yi barci ba.

Ni ma da fukar nan na taso. Shekara da shekaru ana cewa sanyin ƙirji ne, a sayo maganin tari a kemis. Sai da na zo nan aka gwada ni. Nas ta maƙale mini hanci, ta ba ni bututu, ta ce in hura da iya ƙarfina. Ta ba ni salbutamol, maganin buɗe ƙirji, na shaƙa, muka jira kamar minti 15, na sake hurawa, lambar ta haura. Hanyoyin iskar huhuna ne ke kumbura, su tara majina, su matse.

Ku duba hannuna, abin shaƙa iri biyu ne na riƙe. Wannan shuɗin yana buɗe ƙirji cikin 'yan mintuna, amma ba ya taɓa kumburin. Wannan mai ruwan ƙasa shi ke kwantar da kumburin, kullum nake shaƙarsa ko ina lafiya lau, sannan in kuskure baki. Ba ƙwaya ba ce da ke kama mutum. Wanda yake neman shuɗin sau uku a mako, ya koma wurin likita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 262 ke da asma, wato fuka, 455,000 suka rasu, akasari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu.

Inna, na san za a nuna miki bidiyon nan. Don Allah ki fito da abin shaƙar. A nesanta ƙanwata da hayaƙin murhu da turaren wuta da maganin sauro na kunnawa. Ran Litinin Yaya ya kai ta Asibitin Koyarwa na Tarayya a gwada ta. In kuwa numfashi ya hana ta ƙarasa magana, ko da tsakar dare ne, a nemi Keke Napep a tafi asibiti.