Wa Ya Kwashe Rumbun?

Jama'a masu sauraro, makon jiya na ji wata ma'aikaciyar lafiya tana yi wa masu juna biyu faɗa a layin awo. Wai kimiyya ta gano abin da uwa ta ci yana bin ɗanta har tsufa, don haka wadda ɗanta ya tashi da ciwon suga ita ta jawo masa. Wata baiwar Allah na zaune a ƙarshen benci, katin awo a hannu, kai a sunkuye. Abin ya tsaya mini a rai.

Ilimin gaskiya ne, epijenetiks ake ce masa. Ƙwayoyin halittar da muka gada kamar baƙaƙen ajami suke. Yunwa ba ta taɓa baƙi, wasali take sauyawa, sai karatu ya canja. A hunturun 1944 zuwa 1945 sojojin Jamus sun toshe hanyar abinci zuwa yammacin Holan, mutum wajen 20,000 suka mutu. A 2008 aka duba waɗanda aka ɗauki cikinsu a wannan yunwa, aka tarar alamar nan mai kama da wasali da ke kan wata ƙwayar halitta mai suna IGF2 ta sha bamban da ta 'yan'uwansu ciki ɗaya, bayan shekara 60. A ƙauyukan Gambiya ma an ga bambanci tsakanin yaran da aka yi cikinsu da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, da na rani.

To, matan Holan ne suka toshe hanya? Matan Gambiya ne suka ce hatsi ya ƙare kafin kaka? Binciken nan yatsa yake nuna wa wanda ya hana abinci, amma mun karkatar da yatsan zuwa cikin mace.

Za a ce ai wayar da kai ne, uwa ta zaɓi abinci mai gina jiki. Ta zaɓa daga ina? Daga tukunyar da sai kowa ya ci take kankare ƙanzo? Haba jama'a!

Masu cewa tabon yana kaiwa har jikoki kuma su yi a hankali. A jikin ɓeraye aka fi ganin haka, a kan ɗan Adam masana na ta gardama. Kada gobe a ce zuriyar wane ta lalace, a hana 'yarsu miji.

In dole sai an yi faɗan, a kira maigidan da ke ba da kuɗin cefane, da masu riƙe da baitulmali, su zauna kan wannan bencin a yi musu.