Koya wa Mutum-mutumi Hulɗa da Mutane ta Lissafin Dabarun Wasa

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, mu fara daga Ƙofar Ƙaura a Katsina. Mai keke napep ya iso mahaɗa, mai mota ya iso, kowa na kallon hancin abin hawan ɗan'uwansa. Wanda ya fara cusa kai, shi ake bari. To, ku cire direban motar ku sa kwamfuta.

A da, na'urar kan ɗauki mutum tamkar dutse mai tafiya: ta yi hasashen inda zai bi, ta kauce. In cunkoso ya yi yawa, ko'ina ta duba sai ta hango karo, sai ta ƙame. Masu bincike Trautman da Krause sun yi bayanin wannan ciwo a 2010. Na'urar ta manta cewa shi ma mutumin yana kallonta, kuma zai matsa.

Maganin yana cikin lissafin dabarun wasa, wanda masana von Neumann da Morgenstern suka shimfiɗa a 1944. Ɗan dara ya san shi: ba ka motsa ɗa sai ka auna martanin abokin wasa. Za ka fara da rubuta zaɓin kowa, wucewa ko jira. Sai ka ba kowane sakamako maki. A ce karo ya ci ka maki 100, jiran daƙiƙa ɗaya maki 1. Na'urar ta hango daƙiƙu uku zuwa biyar, ta zaɓi mafi riba, ta aiwatar da matakin farko kawai, ta sake lissafi, kamar sau goma a daƙiƙa.

Ga inda gizo ke saƙar. Daidaiton Nash na 1950 shi ne matsayin da babu mai ƙaruwa in ya canja zaɓinsa shi kaɗai. A mahaɗarmu irinsa biyu ne: ko in wuce ka jira, ko ka wuce in jira. In kowa ya kama nasa daban, ko a yi karo ko a yi cirko-cirko. Shi ya sa wasu ke bin tsarin Stackelberg, na'ura ta fara, mutum ya amsa. A gwajin kwamfuta na Dorsa Sadigh da abokan aikinta a 2016, motar da kanta ta ɗan ja da baya don direba ya gane an bar masa hanya.

Makin mutum kuwa ba a ƙagarsa, daga bayanan tuƙinsa ake koyo. Wanda aka koyo a Kalifoniya ba zai karanta ɗan acaɓan Katsina ba, tazarar da yake bari daban ce. Kuma ranar da ya gane motar kullum tana tsayawa, kullum zai shiga gabanta, sai an rage wa lissafin ladabi.