Sharhi: A Fito da Tsohon Wasan Asibitin Nan a Faifai

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau daga nan Gusau zai yi magana ne a kan wani tsohon wasan kwaikwayo na talbijin wanda masoyansa suka daɗe suna roƙon a fito musu da shi a faifai, su saya su ajiye a gida, abin ya faskara.

Sunan wasan St. Elsewhere. Gidan talbijin na NBC da ke Amurka ne ya nuna shi daga 1982 zuwa 1988, zango shida, kashi 137. Labarin wani tsohon asibitin koyarwa ne a birnin Boston, asibitin da ya sha jiki, kuɗin gudanarwa ba su isa ba, kuma can ake tura marasa lafiyar da manyan asibitoci ba sa marmarin karɓa. Matasanmu da suka san Denzel Washington a manyan finafinai, to a nan ya fara yin suna, yana saurayin likita sanye da farar riga. Wasan ya lashe lambar yabo ta Emmy har 13, kuma tun a 1983 ya fito da mai ɗauke da cutar ƙanjamau a gadon asibiti, lokacin da mutane da yawa ko sunan cutar ba sa son ji. A 2006 aka fitar da zangon farko a faifan DVD. Sauran biyar ɗin kuwa aka bar masu kallo da jira shekara da shekaru. Daga baya an ɗora shi a Hulu, dandalin kallo ta intanet da aka yi domin mazauna Amurka.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Gusau ko Talata Mafara da asibitin Boston? Akwai ruwansa ƙwarai. Duk wanda ya taɓa kwana a kan tabarma a barandar asibiti yana jinyar mahaifiyarsa, ya san yadda mai jinya ke kallon likita: mutum ne da zai shigo da safe, ya duba kati, ya yi rubutun da ba ka iya karantawa, ya wuce. Ba ka san daren jiya bai runtsa ba. Ba ka san yanzu ya fito daga ɗakin tiyata inda wani ya cika a hannunsa ba. Wannan wasan ya shiga da mai kallo bayan ƙofar da ake rufe mana. Likitocinsa suna gajiya, suna kuskure, suna saɓani da juna a kan wa za a ba gado, kuma marar lafiya yakan mutu duk da ƙoƙarin da aka yi. Ba a yi wa kowa kwalliya ba. A ganina ɗalibin da ke koyon aikin jinya a Gusau, ko wanda ke kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe, zai ƙaru da shi a wajen da littafi ba ya kaiwa: yadda ake faɗa wa dangi mummunan labari, yadda ake haƙuri da majinyaci mai faɗa, da abin da girman kai ke jawo wa ƙwararre. Maganin da ake bayarwa a ciki na shekarun 1980 ne, kada kowa ya ɗauke shi darasin magani. Halin ɗan Adam a gefen gado kuwa bai canja ba.

To me ya sa muka nace sai faifai, alhali duniya ta koma intanet? Mu Zamfarawa ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. A farkon watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a duk faɗin jihar nan saboda matsalar tsaro. Da farko mako biyu aka ce, amma wasu ƙananan hukumomi sai da suka haura wata biyu babu sabis. Mutane suka riƙa shiga mota zuwa maƙwabtan jihohi don kawai su buga waya. A wannan lokacin, wanda karatunsa ko wa'azinsa ko fim ɗinsa ke kan intanet ya wayi gari hannu rabbana. Wanda ya tura nasa a memori, ko yake da faifai a cikin akwati, shi ne ya ci gaba da kallo in an kawo wuta. Ko babu katsewa, kuɗin data kaɗai ya isa ya hana talaka kallon wasa mai kashi 137. Ƙari a kan haka, kamfanin da ya ɗora wasa yau yana iya sauke shi gobe ba tare da ya nemi shawarar kowa ba. Hausawa suka ce kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da ke hana fitar da irin waɗannan tsofaffin wasanni yawanci kuɗi ne. Waƙoƙin da aka saka a ciki an biya haƙƙinsu ne don nunawa a talbijin kawai, kafin a sayar a faifai sai an koma an sake ciniki da masu su ɗaya bayan ɗaya. Sannan kamfani kan gwada zango ɗaya, in bai ga cinikin da yake so ba sai ya rufe babin. Wannan lissafi na fahimce shi, amma ban yarda da shi ba. Duk abin da mai shi ya ƙi kawowa kasuwa, ɓarayin fasaha za su kawo shi, hoto dishi-dishi, murya ba ta fita, kuma ko kwabo ba zai isa ga waɗanda suka yi wahalar ba. Da za a fitar da shi cikakke, a ba da lasisin fassara shi da Hausa kamar yadda ake fassara finafinan Indiya, masu shagunan tura finafinai a waya za su kai shi har Gummi da Shinkafi. Iyayen da ke fargabar wasu wurare da ba su dace da tarbiyyarmu ba, su ma faifai ya fi musu, domin maigida zai iya dubawa tukuna ya zaɓi abin da za a kalla a falo.

Sai dai kada mu tsaya nuna Amurka da yatsa. Wasannin da gidajen talbijin na Arewa suka shirya a shekarun 1970 da 1980, waɗanda muke kallo ta tashar Sakkwato tun ba a ƙirƙiro jihar nan a 1996 ba, ina suke? Cikinsu akwai masu faɗakarwa a kan rigakafi, da awon ciki, da illar ajiye marar lafiya a gida sai ciwo ya ci ƙarfinsa. A kan kaset aka ɗauke su, U-matic da Betacam da VHS. Kaset kuwa ba ya jure zafin bazara da laimar damina, zaren yakan manne ko ya yi fumfuna. Na'urar kunna shi ma ta ƙare: kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera bidiyon VHS, ya daina a 2016. Kowace damina da ta wuce, wani abu ya tafi.

Kuma ba a makara ba. A 2013 aka sanar da gano kashi tara na Doctor Who, wani wasan talbijin na Birtaniya, da BBC da kanta ta rasa, a ɗakin ajiyar wata tashar talbijin a Jos. Fim ɗin Shaihu Umar na 1976, wanda aka ɗauka ya salwanta, an samo shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, aka gyara shi, aka nuna a bikin finafinai na Berlin a 2018. Waɗannan ɗakunan ajiya namu akwai dukiya a cikinsu.

Don haka kiranmu ga shugabannin gidajen talbijin na Gusau da Sakkwato da Birnin Kebbi shi ne a buɗe ɗakunan nan kafin damina mai zuwa, a ƙirga kaset ɗin, a rubuta abin da ke kan kowane ɗaya. Waɗanda ke da sauran rai a kwafe su zuwa kwamfuta, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, a aika wani ma'ajiyar finafinai ta ƙasa da ke Jos. Sannan a fitar da su a faifai da memori a farashin da ɗan kasuwar Tudun Wada zai iya saye, a ware wa 'yan wasan da ke raye kasonsu, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya kuma a nemi magadansu a ba su.