Shaƙuwa a Ɗakin Shawara, da Matakin Farko na Koyon Bhojpuri

Hadiza: Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Malam Sani, a ce mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa ya wayi gari wanda yake dubawa ya kwanta masa a rai. Laifi ne?

Sani: Ba laifi ba ne, Malama. Tun 1910 Freud, masanin halayyar ɗan Adam, ya yi rubutu a kai. Mutum ya zauna gabanki minti 50 duk mako, yana faɗa miki abin da ko mahaifiyarsa ba ta sani ba, ai dole zuciya ta motsa. Matsalar ita ce a ɓoye abin.

Hadiza: To da me ake gane ta wuce gona da iri?

Sani: Agogo ne ke fara tona asiri. Zaman minti 50 ya koma 70, kuma shi kaɗai ake yi wa haka. Sai amsa saƙonsa na WhatsApp ƙarfe 11 na dare, sai yafe masa kuɗin zama. Mafi muni, akwai tambayar da ta kamata a yi masa, amma ana tsoron ransa ya ɓaci. Daga nan magani ya tsaya, hira ta rage.

Hadiza: Shi ya sa ake cewa bayan kowane zama a ɗauki minti 5 a rubuta abu biyu: me na ji, me ya tayar da shi. Sau da yawa sai ka ga ya yi kama da ƙaninka ne. Sannan a kai maganar gaban babba mai sa ido kan aikin. A Birtaniya, ƙungiyar masu ba da shawara ta BACP ta sa aƙalla awa ɗaya da rabi duk wata ga mambobinta da ta tantance.

Sani: Rabuwa ma shiri take so. A sanar da ranar ƙarshe saura zama 3 ko 4, a riƙa tazara, daga mako-mako zuwa mako biyu-biyu. Soyayya kuwa, dokar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta haramta har sai shekara 2 bayan rabuwa, kuma ko bayan nan da wuya a yarda.

Hadiza: Sai batunmu na biyu, koyon harshen Bhojpuri: mu leƙa Indiya. Bhojpuri ana yinta a yammacin Bihar da gabashin Uttar Pradesh da kudancin Nepal, kuma ƙidayar 2011 ta nuna sama da mutum miliyan 50. Ta ina sabon shiga zai kama?

Sani: Ya fara da haruffan Devanagari da ake rubuta harshen da su, biyar a rana, yana furtawa da ƙarfi. Kunnen Bahaushe kan haɗa "ka" da "kha". Ya riƙe takarda gaban bakinsa: in ta motsa, "kha" ya faɗa. Aikatau kuma a ƙarshen jimla yake zuwa.

Hadiza: Wanda ya tsinci Hindi a finafinai fa?

Sani: Zai ci riba a kalmomi, amma ya kiyaye. Inda Hindi ke cewa "hai", masu Bhojpuri "ba" suke cewa: "Ka haal ba?" (wato "Yaya kake?") Amsa, "Thik ba" (wato "Lafiya lau"). Babba kuwa "raua" ake ce masa: "Raua kaisan bani?" (wato "Yaya kuke?") Ya haddace waɗannan kafin ya taɓa littafin nahawu.