An kira yaronku gasa a ƙasar waje? Ku saurari wannan kafin a fara haɗa jaka

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Bidiyon yau na iyaye ne da yayye da kociyoyin unguwa, duk wanda yake da yaro ko yarinya da Allah ya ba baiwar wasa, ƙwallon ƙafa ne, gudu ne, takwando ne, kwando ne, kuma an fara raɗe-raɗin za a kira shi sansani a tafi da shi waje. Dan Allah in da hali a kira yaron ya zauna a kalla tare, don rabin maganar tasa ce.

Tafiye-tafiyen nan ƙaruwa suke yi. Daga 2025 FIFA ta mayar da kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 duk shekara, na maza a Qatar da ƙasashe 48, na mata a Maroko, haka har 2029. Ga kuma Olamfik ta matasa da aka ba Senegal, 31 ga Oktoba zuwa 13 ga Nuwamba 2026, karon farko kenan da wata gasar Olamfik ta sauka a Afirka. Toh dama kam akwai ta. Abin da ke ƙona min rai shi ne yara da yawa tun kafin su taka fili ake sallamo su, kuma in ka bi diddigi zakaga daga gida matsalar ta taso, tun shekarun baya.

Bari mu fara da maganar da ba a son yi, wato shekaru. A 2015 Golden Eaglets, tawagar Najeriya ta 'yan ƙasa da 17, suka ci kofin duniya a Chile, karo na biyar, Osimhen ya zura ƙwallo 10 shi kaɗai. Shekara na zagayowa, 2016, ana shirin wasan share fage da Nijar aka yi wa yaran sansani gwajin MRI, 26 suka faɗi. Da ragowar aka buga, Nijar ta fitar da su, mai riƙe da kofin duniya ko gasar Afirka bai je ba. Kamaru ma wajen farkon 2023 haka ta faru, cikin yara 30 da aka gwada 21 suka faɗi.

Ya gwajin yake? Yaro zai kwanta a sa hannunsa cikin na'ura a ɗauki hoton wuyan hannu. A ƙarshen ƙashin nan akwai wata 'yar tsaga wadda ta nan ƙashi yake ƙara tsawo, yaro na girma tana haɗewa. Likitoci sun kasa abin mataki shida, in ya kai na shida, wato ta haɗe gaba ɗaya, shikenan an cire shi daga 'yan ƙasa da 17. FIFA ta fara amfani da shi a 2009, a gasar da aka yi a nan Najeriya. Gaskiya gwajin ba wahayi bane, akwai yaron da shekarunsa na gaskiya ne amma ƙashinsa ya haɗe da wuri, kuma wannan abin tausayi ne sosai. Amma wanda aka zabge wa shekara uku ko huɗu a takarda, wallahi wahalar banza ake ba shi, ya yi wata da watanni a sansani yana tashi da asuba yana gudu, gari duk an ji, sannan ya dawo gida da jakarsa yana sunkuyar da kai. Baba, Mama, in koci ya zo ya ce a rage masa biyu don ya daɗe yana buga wa yara, ku ce a'a. Ba kocin ne zai ji kunyar ba. Kuma ranar haihuwar da aka rubuta masa yau a ƙaramar gasa, ko a wasannin matasa na ƙasa da aka daɗe ana yi a Ilorin kafin a koma Asaba, tana nan a kwamfuta, ran da ya yi suna za a tono ta a gwada da ta fasfo.

Wannan ya kawo mu kan takardu, kuma nan ne mu 'yan arewa muke yawan tuntuɓe ba da wani mugun nufi ba. Yanzun nan in an gama bidiyon nan, a shimfiɗa tabarma a baje su duka, takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, NIN, takardar firamare, katin makaranta, fasfo in akwai. A bi su harafi harafi. Zakaga a nan Muhammad, a can Mohammed, a ɗaya kuma Moh'd. A nan Aisha, a can Aishatu. Wata takardar sunan uba ne a ƙarshe, wata sunan kaka, wata ma sunan gari. Ranar haihuwa kuma wani ya cika masa 1 ga Janairu a shagon kwamfuta don bai tsaya tambaya ba. A wurinmu duk mutum ɗaya ne, mun san ɗanmu, amma ma'aikacin ofishin jakadanci mutum uku yake gani. Gyaran suna ko ranar haihuwa a NIN yana cin lokaci, ba abin da za a fara sati biyu kafin tafiya bane.

Fasfo kuma kar a jira sai an kira yaro. In kuna ganin alamar zai kai, a yi masa tun yanzu. Wanda bai kai 18 ba sai da takardar amincewar iyaye, kuma ƙasashe da yawa suna so fasfo ya zama da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Biza ita ma ba ta san gwani ba. Ferdinand Omanyala na Kenya, mai riƙe da tarihin gudun mita 100 na Afirka, a 2022 bizarsa ta Amurka ta makale, sai 'yan sa'o'i kafin tserensa ya isa wurin gasar duniya a Oregon. In haka ta samu wannan, ina ga yaron da ba a san shi ba. Sai katin nan mai ruwan ɗorawa na rigakafin shawara, allurar sai ta kwana 10 a jiki kafin katin ya fara aiki, amma an yi sau ɗaya an gama har abada. A je a yi allurar da gaske, kar a sayi kati a bakin hanya. A ɗauki hoton kowace takarda a ajiye a wayar Baba da ta Mama.

Yanzu maganar magani, dan Allah a buɗe kunne. Dokar WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, ita ce duk abin da aka samu a fitsarin ɗan wasa ko jininsa, shi ke da alhaki, ko ya sani ko bai sani ba. Yarinyar nan ta Rasha, Kamila Valieva, shekararta 15 lokacin da aka samu maganin zuciya a jikinta, aka ce na kakanta ne ya gauraya, duk da haka a 2024 kotun wasanni ta dakatar da ita shekara huɗu. Toh mu duba gidajenmu. Tramadol an haramta shi lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024, kuma kowa ya san yadda yake yawo a gari, yaro ya ji ciwon gwiwa aboki ya miƙo masa ɗaya. Wasu magungunan mura na kemis suna da sinadarin da in ya yi yawa a fitsari matsala ne. Dexa da ake sha kamar gyaɗa, shi ma haramun ne lokacin gasa. Sai kuma jiƙe-jiƙe da garin magani na ƙarin ƙarfi da Hajiya Kaka za ta ƙulla a leda don ƙauna, da gwangwanayen gina jiki da ake sayarwa a intanet, waɗannan ba wanda zai rantse maka abin da ke ciki. Addu'a a yi ta ba ƙaƙƙautawa, amma abin da za a haɗiya sai likitan tawaga ya gani. In yaro na da asma ko wata lalura da yake shan magani kullum, a faɗa tun ranar farko a sansani, akwai takardar izini da ake kira TUE, likita ne ke cikewa, kuma tun kafin gasa ake nema. Kar a ɓoye don tsoron za a cire shi.

A kuma gaya wa yaron yadda gwajin yake don kar ya firgita. Ana gama wasa wani jami'i zai zo ya ce an zaɓe ka, zai bi ka duk inda ka je har ka ba da fitsari, a raba shi kwalba biyu, kai da kanka za ka rufe. Wanda bai kai 18 ba yana da haƙƙin babba daga tawagarsa ya raka shi. Ƙin yarda a yi gwajin, laifinsa daidai yake da an kama ka. Kuma iyaye ku dinga tambayar hukuma, an yi wa yaron nan rajista? Sunansa ya shiga? Ba rashin kunya bane. A Olamfik ta Tokyo a 2021 'yan wasan Najeriya 10 sun riga sun isa aka hana su shiga gasa saboda ba a yi musu adadin gwajin da doka ta ce a yi kafin a zo ba, alhali ba a kama su da komai ba.

Sai 'yan damfara. Wani zai turo saƙo a WhatsApp da takarda mai tambarin kulob ɗin Turai, wai an gayyaci yaro gwaji, a kawo miliyan kaza na biza da tikiti. Mutane sun sayar da gona da shanu a kan wannan. In tawagar ƙasa ce, kira ta hannun hukumar wasan yake zuwa, ku taka da ƙafarku zuwa ofishin hukumar wasanni ta jiha ku tabbatar. In kulob ne, ku sani dokar FIFA ta hana sayen yaro ɗan ƙasa da 18 daga wata ƙasa zuwa wata sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan, kuma dillalin gaskiya yana da lasisi, sunansa na shafin FIFA. Duk wanda ya ce a yi sauri kar a gaya wa kowa, ku rufe ƙofa.

Masu 'ya'ya mata, na san abin da ke ranku, kuma kuna da gaskiya. Ku tambaya kai tsaye, wace mace ce babba za ta bi tawagar, su waye a ɗaki ɗaya, wa yarinya za ta samu in wani abu ya dame ta. Ku karɓi lambar matar nan. Ku zaunar da 'yarku, da ɗanku ma, ku ce ba kocin da ke da ikon kiranki ɗakinsa ke kaɗai, kuma duk abin da ya faru ki faɗa, ba wanda zai zarge ki. Maganar hijabi kuwa, ƙwallon ƙafa ta amince da rufe kai tun 2014, kwando tun 2017, kuma kun ga Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga kofin duniya na 2023 da nata. A dai ɗinka irin na wasa, mara fil, a saba atisaye da shi tun a gida.

Jaka kuma ba sai an cika ta ba. Takalmin wasa da rigar gasa a sa a jakar hannu don babbar jaka tana iya ɓata, kuma kar a tafi da sabon takalmi fil a leda, a fasa shi tun a gida. Kilishi da dambun nama a bar su, Turai da Amurka ba sa barin a shigo da nama. Saƙon wani kuwa, ko na maƙwabci ne, kar yaro ya karɓa sai an buɗe a gabanku, a filin jirgi ma kar ya riƙe wa kowa komai. Abinci, a koya masa tambayar halal, in ya rasa ga kifi ga ƙwai ga shinkafa, kuma ranar wasa ba ranar ɗanɗana sabon abu bace. A tuna masa hukuncin sallar matafiyi. In ƙasar na da nisan lokaci da mu, barcinsa zai rikice kwana biyu uku, shi yasa kiran waya da tsakar daren can ba taimako bane, ku sa lokaci ɗaya a rana ku tsaya a kai. In kun kira kuma, dan Allah kar a fara da wane ya ce a kawo masa waya, wance na jiran tsaraba, ko gidan nan kai muke kallo. Yaro ɗan 16 ba zai iya gudu da wannan nauyin ba. A tambaye shi ya ci abinci, ya yi barci, a sa masa albarka.

Akwai kuma masu zuga yaro wai in ka sauka ka sulale kar ka dawo. Ku yi wannan maganar da shi a fili kafin ya tafi. Wanda ya gudu ya zama mara takarda a ƙasar mutane, ba kulob ɗin da zai iya yi masa rajista, makaranta ta tsaya, sannan ya ja wa yaran da za su nemi biza bayansa. Tunda an ambaci makaranta, a je a samu shugaban makarantarsa da takardar gayyata tun kafin a shiga sansani, musamman in tafiyar ta faɗo kusa da WAEC ko NECO, a san yadda za a yi da darussan da za su wuce shi. Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasan bidiyon nan, a kuma tura wa kocin unguwarku. Sai mun haɗu a na gaba, wassalam.