Sharhi: Marubutan da Suka Ba Masu Taɓin Hankali Bakin Magana

Masu sauraro, sharhinmu na yau ya shafi mutanen da suka ɗauki alƙalami suka yi rubutu kan halayyar ɗan Adam da lafiyar ƙwaƙwalwa, matsalar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 tana damun mutum kusan miliyan 970, wato ɗaya cikin kowane mutum takwas a doron ƙasa.

Ba yau aka fara wannan rubutu ba. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934, ya bar littafi mai suna Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya koka da yadda likitocin zamaninsa suka duƙufa kan jiki suka manta da rai, ya kuma bambance baƙin cikin da aka san musabbabinsa, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya, da wanda ke saukar wa mutum ba gaira ba dalili. Masanin nan ɗan Sudan, Malik Badri, shi ne ya fassara sashen da ya shafi rai zuwa Turanci.

Sai dai a ganina, rubutun da ya fi girgiza wannan fanni shi ne na waɗanda suka ɗanɗana ciwon da kansu. Clifford Beers, wani matashi Ba'amurke da ya kammala jami'ar Yale, ya shafe kusan shekara uku a asibitocin masu taɓin hankali, inda ya sha duka da zagi, har aka kwanar da shi dare 21 a jere cikin wata riga mai ɗaure hannuwa. Da ya samu sauƙi bai ɓoye kansa ba, kamar yadda aka saba a wancan lokaci. A 1908 ya wallafa labarinsa da sunansa na gaskiya, shekara guda bayan nan kuma ya jagoranci kafa kwamitin ƙasa mai fafutukar gyara yadda ake kula da irin waɗannan majinyata. Mutumin da ake ganin maganarsa ba ta da kan gado, shi ne ya zama shaida a kan asibitocin da suka tsare shi.

Haka nan Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa daga Biyana, babban birnin Austriya, ya fito daga sansanonin 'yan Nazi ya tarar matarsa da iyayensa duk sun mutu, a 1946 ya fitar da ɗan littafin da ke cewa wanda ya ga ma'ana a rayuwarsa ya fi iya jure wahala. Shi kuwa Frantz Fanon, likitan ƙwaƙwalwa wanda ya kama aiki a asibitin Blida na Aljeriya a 1953, ya rubuta abin da ya gani a jikin waɗanda aka azabtar lokacin yaƙin neman 'yanci, da ma masu azabtarwar, domin su ma sun zo gabansa barci ya gagare su.

Dole a faɗi gaskiya, kasuwa a yau cike take da littattafan da ke alƙawarin raba mutum da damuwa cikin mako guda, kuma da yawansu ba su da tushe a bincike. Abin da ya bambanta marubutan kirki shi ne ba sa sayar da sauƙin da babu shi. Kay Redfield Jamison, farfesa a jami'ar Johns Hopkins, tana cikin waɗanda suka rubuta babban littafin da likitoci ke dubawa kan ciwon da ke jefa mutum tsakanin matsanancin zumuɗi da matsanancin ƙunci, amma sai a 1995 ta bayyana wa duniya cewa ita ma tana fama da shi, duk da fargabar abin da hakan zai jawo wa aikinta. Ta bayyana yadda ta riƙa daina shan maganinta na litiyam saboda kewar kuzarin da ciwon ke ba ta, yadda hakan ya kai ta ga yunƙurin kashe kanta, da yadda ta rayu daga baya ta hanyar haɗa shan magani a kan kari da zama da likita ana tattaunawa.