Jawabi kan shirin tafiyar kekuna zuwa gandun dajin Green Ridge

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa maza da mata, da 'ya'yanmu da ke zaune can baya, barkanmu da wannan yammaci. Kwamitin da kuka ɗora wa nauyin tsara fitar bana ya wakilta ni in gabatar muku da abin da muka tsaya a kai, domin ku duba, ku gyara inda ya kamata, sannan ku ba mu izinin ci gaba. Shawararmu ita ce tafiya a kan kekuna, wuni uku da kwana biyu, zuwa gandun dajin Green Ridge da ke gundumar Allegany a yammacin jihar Maryland, a hutun ranar ma'aikata, wato daga Asabar zuwa Litinin ta farko a watan Satumba.

Wasu iyaye sun tambaye mu dalilin da ya sa ba za a tsaya ga walimar da muka saba yi a filin shaƙatawa ba, kuma tambayar tana kan hanya. Dalilinmu shi ne yaran da muka haifa a nan Amurka ba su san juna ba sai a zauren taro irin wannan, inda suke zama awa biyu kowa da waya a hannu, su gaisa da manya a gurguje, su koma mota. Idan suka yi wuni uku a hanya ɗaya, suna jin Hausa daga asuba har dare, suna ɗebo ruwa tare, suna kafa tanti tare, suna ganin iyayensu a sahu ɗaya a ƙarƙashin itatuwa, za su dawo da sabo da zumunci da ba a samunsu a walimar yamma ɗaya. Yawancinmu kuma a kan keke muka tashi, da shi muka je makaranta, da shi muka kai abinci gona, saboda haka muna da abin da za mu koya musu da hannunmu.

Hanyar da za mu bi tana gefen tsohuwar hanyar ruwa ta C&O, wadda aka fara haƙawa a 1828, ta tashi daga unguwar Georgetown a Washinton, ta isa garin Cumberland a 1850, tsawonta mil 184.5 a gefen kogin Potomac. A zamanin aikinta alfadarai ne ke jan jiragen kwal a cikinta, suna tafiya a kan turbar da ke bakin ruwan, har zuwa 1924 lokacin da ambaliya ta kawo ƙarshen sufurin. Wannan turba ta alfadarai ita ce yau masu keke da masu tafiya a ƙasa ke bi, tana hannun hukumar kula da wuraren shaƙatawa ta ƙasa, kuma an ayyana wurin a matsayin wurin tarihi na ƙasa a 1971. Tun da don dabbobi masu jan kaya aka yi ta, kusan shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa mai wahala, babu motoci, kuma kowane mil yana da alamarsa a gefen hanya, abin da zai taimaka mana ƙwarai wajen sanin inda kowa yake.

Ranar Asabar bayan sallar asuba za mu tashi a motoci zuwa garin Hancock da ke kan mil na 124 na turbar, tafiyar kamar awa biyu daga nan. Daga can za mu hau kekuna zuwa ƙauyen Little Orleans a mil na 141, kimanin mil 17 ke nan, kuma mafi yawan wannan zango ana iya yinsa a kan tsohon layin dogo na Western Maryland da aka shimfiɗa wa kwalta, wanda ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da turbar. Da gangan muka sa ranar farko ta zama mai sauƙi. A nan ne gandun Green Ridge ya sauko har bakin kogi, daji ne mai faɗin fiye da eka 47,000, da wuraren kwana kusan 100 warwatse a cikinsa, waɗanda ba su da lantarki, ba su da famfo, abin da ke akwai bai wuce tebur da murhun ƙarfe ba. Wurin kwana na jama'a mai yawa sai an nemi izini tun da wuri daga ofishin gandun, kuma da zarar kun amince, gobe za mu tuntuɓe su. Idan ba mu samu ba, akwai sansanin Fifteen Mile Creek a Little Orleans ɗin, shi ma sai an kama wuri kafin lokaci.

Ranar Lahadi za mu bar tantuna a inda suke, mu nufi ramin Paw Paw da ke wajen mil na 155. Rami ne da aka huda cikin dutse domin hanyar ruwan ta kauce wa lanƙwashe-lanƙwashen kogin na kusan mil shida, tsawonsa ƙafa 3,118, an fara shi a 1836 da zaton shekara biyu za ta isa, amma sai da aikin ya ci shekara 14. Cikinsa duhu ne ƙirin, ruwa yana ɗigowa daga sama, hanyar ƙafar kuma siririya ce da shinge a gefen ruwa, don haka kowa zai sauka ya tura kekensa da tocila a kunne. A wannan lokaci na shekara itatuwan pawpaw da ke gefen hanya suna fara nuna, kuma dangin gwandar dajinmu ne, wanda ya taɓa cin ta a gida zai gane kamar tun daga ƙamshi. Ranar Litinin mu naɗe kaya mu komo Hancock.

Yanzu in zo ga abin da ya fi damun kwamiti, wanda kuma nake roƙon ku saurara da kyau. Dajin nan ba irin wanda muka sani ba ne. A ƙasarmu matafiyi ba ya yin nisa bai tarar da ruga ko ƙauye ko manomi a gona ba, kuma duk inda ya yi sallama za a ba shi ruwa, a nuna masa hanya, idan dare ya yi a ba shi zaure. Tsakanin Little Orleans da Paw Paw babu kanti, babu gida a bakin hanya, wuraren da mota za ta iya shigowa kaɗan ne, kuma waya tana ɗaukewa a wurare da dama. Asibitin da za a iya kai mutum yana Cumberland ko Berkeley Springs, kowanne da tazararsa. Saboda haka duk abin da za mu buƙata sai mun ɗauke shi da kanmu, kuma ma'aunin tafiyar shi ne mafi rauni a cikinmu. Yaro ɗan shekara goma sha biyu da bai taɓa wuce mil biyar ba, da dattijon da ya shekara ashirin bai hau keke ba, su ne za su yanke mana saurin tafiya da yawan hutu, samari masu ƙarfi kuma aikinsu shi ne su dafa musu.

Mun tsara tafiyar kamar yadda kakanninmu fatake suka tsara ayarin goro zuwa Gwanja. Akwai madugu wanda maganarsa ce ta ƙarshe a hanya, akwai jagaba a gaba wanda ba a wuce shi ko da mutum yana jin ƙarfi, akwai kuma mutum biyu a can baya da kayan gyara da akwatin magani, waɗanda ba za su bar kowa a bayansu ba. Duk bayan mil biyar za a tsaya a ƙirga kai. Mota ɗaya mai ɗaukar kaya za ta kai tantuna da tukwane da ruwa sansani, ranar Lahadi kuma ta zagaya ta jira mu a filin ajiye motoci na Paw Paw, domin zuwa da dawowa ya kusa mil 30, kuma ba ma son a tilasta wa yaro ko dattijo abin da ya fi ƙarfinsa. Wanda ya gaji ya shiga mota, babu kunya a ciki.

Batun ruwa yana buƙatar a tsaya a kansa. A gefen turbar akwai ƙananan wuraren kwana kyauta, kamar Devils Alley da Stickpile Hill da Sorrel Ridge, masu famfon tuƙa-tuƙa, amma famfon yakan lalace, kuma ruwansa ba abin sha ba ne sai an tace ko an tafasa. Mun yanke cewa ruwan sha daga gida za mu ɗauko shi a jarkoki, kowane mai keke kuma ya riƙe gora biyu cike kafin a tashi. Ruwan famfon zai yi mana alwala da wanke-wanke. Kogin kuwa, komai zafin rana da komai kwanciyar da ya yi a ido, ba wanda zai shiga, domin Potomac yana da ja a ƙarƙashi, kuma ya ci mutanen da suka iya iyo.

Abinci mun zaɓi wanda ba ya lalacewa kuma ba ya nauyi: kilishi, dambun nama, garin kwaki da ƙuli-ƙuli, dabino, gyaɗa, burodi da kayan shayi, sai shinkafa da wake da za a dafa a risho da daddare. Amma a yammacin Maryland akwai baƙar dabbar beyar, wadda hancinta ya fi na kare, kuma ƙamshin kilishi ba ya ɓuya. Dokarmu ita ce ba abinci a cikin tanti, ko da alewa ɗaya ce a aljihun yaro, ko man goge baki. Bayan cin dare komai zai koma cikin mota a kulle, har da shara. Abin da ya fi beyar kusa da cutar da mu kuwa ƙarami ne, wato kaska, wadda wata ba ta wuce ƙwayar riɗi ba, kuma ita ke yaɗa cutar Laim da ta yi yawa a wannan yanki. Kowa ya sa dogon wando, ya cusa ƙafarsa cikin safa, ya shafa maganin ƙwari, kuma kafin kwanciya uwa ko uba ya duba yaro da tocila a bayan kunne, da hammata, da bayan gwiwa, da cikin gashi. A fatarmu jan zoben da cizon ke bari ba ya fitowa sarai, don haka wanda ya ji zazzaɓi ko ciwon gaɓoɓi a makonnin da suka biyo baya ya gaya wa likita cewa ya kwana a daji. Akwai kuma tsiro mai ganye uku-uku da yaranmu suka sani da suna poison ivy, mai sa ƙaiƙayi da ƙuraje, da macizai masu dafi a cikin duwatsu, shi ya sa ba a sa hannu inda ido bai gani ba. Itacen wuta ma ba za mu ɗauko daga gida ba, saboda ƙwaron da ya hallaka itatuwa masu yawa tun da aka gano shi a Maryland a 2003 ta cikin itacen wuta yake yaɗuwa. A can za mu saya.

Game da ibada, nisan tafiyar ya wuce mil 48 da malamanmu na Malikiyya suka ƙayyade don ƙasaru, kuma mun roƙi malam ya yi mana bayani kan ƙasaru da haɗa salla da taimama kafin mu tashi, domin yara su ji daga bakinsa. Alƙibla daga wannan yanki tana arewa maso gabas, za mu riƙe kamfas na hannu da jadawalin lokutan salla a takarda, tun da waya ba abin dogaro ba ce a can.

Iyayenmu mata da ƙannenmu, tafiyar nan da ku aka shirya ta. Za a ware muku ɓangarenku na tantuna da makewayinku mai labule, kuma mata biyu daga kwamiti ne za su kula da shi. Abu ɗaya muke roƙo, ga maza da mata baki ɗaya: doguwar riga da dogon hijabi da ke lilo suna shiga sarƙar keke ko wayoyin taya, su naɗe cikin ƙiftawar ido, su kayar da mutum. A sa wando mai kauri da riga zuwa gwiwa da hijabi gajere wanda hular kwano za ta zauna a kansa. Dokar Maryland ta wajabta hular ga duk wanda bai kai shekara 16 ba, mu kuma mun wajabta ta ga kowa. Dafa abinci da wanke tukwane an raba su tsakanin rukunoni, maza da samari a ciki, domin kada mata su tuƙa mil 17 sannan su kwana a bakin murhu.

Keken da ya shekara a gareji ba za a fito da shi ranar tafiya a ce bismilla ba. Ranar Asabar ta farko a watan Agusta kowa ya kawo nasa nan harabar, a duba birki da taya da sarƙa da tsayin sirdi, a koya wa yara cire taya da yin faci, kowa kuma ya tanadi tiyub biyu daidai da tayarsa. Siririyar tayar tsere ba ta dace da tsakuwa da taɓon turbar ba. Bayan haka za mu yi gwaji sau biyu a kusa da gida, na biyun da kwana ɗaya a sansanin Swains Lock da ke kan wannan turba, kusa da Great Falls, domin wanda bai taɓa kwana a tanti ba ya fara ɗanɗanawa inda mota ke kusa. Wanda bai halarci gwaji ko ɗaya ba, sai ya bi mu a mota, ba a keke ba, kuma ina roƙon kada a nemi alfarma a kan wannan.

Watan Satumba lokacin guguwar teku ne, kuma ragowar ruwanta yakan iso har tsaunukan nan, kamar yadda aka gani a Satumban 1996 lokacin da kogin ya cika ya ɓarnata turbar. Ranar Alhamis kafin tafiya madugu zai duba hasashen yanayi da sanarwar hukumar kan yanayin hanya da ramin Paw Paw, kuma idan ya ce an ɗage, an ɗage ke nan.

Kwamiti ya ba da shawarar gudummawar dala 60 ga babba da dala 25 ga yaro, don kuɗin sansani da abinci da man motar kaya, kuma asusun ƙungiya ya ɗauki nauyin ɗalibai da iyalan da abin zai yi wa nauyi, ba tare da an ambaci sunan kowa ba. Masu keke ko tanti ko bargon kwana da ba sa amfani da su, a taimaka a ba da aro. Takardar rajista tana teburin sakatare, da gurbin da iyaye za su sa hannu, da gurbin rubuta ciwon da mutum ke fama da shi, kamar asma ko ciwon suga, wanda mai akwatin magani kaɗai zai gani. Za a rufe rajista a ƙarshen watan Yuli domin mu san yawan da za mu gaya wa ofishin gandun.

Mai girma shugaba, wannan shi ne rahoton kwamiti, muna jiran gyaran dattawa da tambayoyin iyaye. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.